Alli, Kananzir da Rim ɗin Alminiyan

Lacca ga masu fentin mota da yaransu na Nima da Maamobi



Shugaban taro, Baba Liman, sarakunanmu na Zango, mastocin garejojin Nima da Maamobi, da waɗanda suka tako tun daga Sabon Zango da Odawna, iyayenmu mata da ke can baya, da ku yaranmu masu koyon aiki, ina gaishe ku baki ɗaya. Allah ya saka wa waɗanda suka haɗa wannan zama da alheri.

Kun ga na shigo da rim guda ɗaya na jingine shi a jikin tebur. Waɗanda suka riga zuwa sun ga abin da na yi masa kafin a buɗe taro da addu'a. Na jiƙa shi da kananzir, na bar shi ya ɗan jima, na goge shi tas da tsumma, sannan na shafe shi da alli da na dama da sifirit. A bar shi nan, kada kowa ya taɓa. Za mu koma kansa.

An ce in amsa tambayar da ake yawan yi mini: fentin hoda, wanda kuke ji ana kira pauda kotin, ko fentin ruwa na bindigar feshi, wanne ya fi wa rim? Na san dalilin da ya sa tambayar ta yi zafi. Da zarar azumi ya shiga goman ƙarshe, samari sun fara jero mana Corolla da Camry da Elantra, kowa yana son rim baƙi wuluk mai ɗaukar ido, don ranar Salla a gan shi a babban titin Nima. Zan amsa. Sai dai a wurina tambaya ta uku ce. Ta farko ita ce wane irin ƙarfe ne a hannunka. Ta biyu, lafiyarsa ƙalau ko yana da ciwo? Wanda ya tsallake waɗannan biyun, ko da hodar da aka yi a Jamus ya yi aiki, kwalliya kawai ya yi wa mara lafiya.

Mu fara da ƙarfen. Tsofaffinmu suna ce masa sanholo ko goran ruwa, mu muna cewa alminiyan. Babu ɗan Gana da ya kamata wannan ƙarfe ya zame masa baƙo, domin saboda shi aka tare kogin Volta. An gama madatsar Akosombo a 1965, Kwame Nkrumah ya buɗe ta a Janairun 1966, wata guda kafin sojoji su kifar da shi, kuma babban mai sayen wutarta shi ne kamfanin VALCO na Tema, wanda ya fara narkar da alminiyan a 1967. Ƙarfe ne mai cin wuta: kilo ɗaya yakan lashe yunit 13 zuwa 15 na lantarki. Ku auna da abin da kuke saka wa mitar shago a mako. Jar ƙasar da ake fitar da shi daga cikinta kuwa muna da ita a Awaso, ana haƙarta tun shekarun 1940, ana lodinta a Takoradi ta tafi waje ɗanya, VALCO kuma ya sayo tataccen garin daga waje. Ga ƙasa, ga wuta, ga wurin narkarwa, amma rim ɗin da ke gabanku a wata ƙasa aka zuba shi, ya ci ƙuruciyarsa a ƙarƙashin motar wani, sannan ya sauka a tashar Tema, ya biyo ta Abossey Okai ya iso hannunmu. Wannan zance ne na wata rana, kuma na 'yan siyasa.

Rim ba zallar alminiyan ba ne, zalla ya yi taushi da yawa. Galibin waɗanda muke gani zubi ne, kamar yadda ake zuba tukunya, kuma a cikin kashi ɗari akwai kamar kashi 7 na silikon da ɗan burbushin magniziyam wanda bai kai rabin kashi ɗaya ba. Bayan an zuba shi sai a hora shi da wuta. A saka shi a tanderu mai zafin digiri 540 na wasu awanni, a fito da shi a tsoma a ruwa kamar yadda maƙeri ke yi wa wuƙa, sannan a mayar da shi wani tanderun mai sanyi-sanyi, wajen digiri 155, ya ƙara wasu awanni. A wannan zama na biyu ne ƙarfinsa yake ɗaurewa. Injiniyoyi suna kiran wannan horo T6. Ku riƙe wannan da kyau, yarana, domin rabin laccar nan a kansa take: daga wuta rim ya samu ƙarfinsa, kuma wuta tana iya ƙwace shi. Idan aka zarce masa zafi, ko aka daɗe da shi a ciki, ƙarfin ya saki, kuma ido ba ya gani. Siffarsa tana nan, nauyinsa yana nan.

Ga wani halinsa da yake yaudarar masu walda. Baƙin ƙarfe yana da kunya: idan ya ji wuta sai ya yi ja, ya gaya maka inda ya kai. Alminiyan ba ya ja. Yana nan fari fat har ya kai digiri 600 da ɗoriya, sai kawai ka ga ya zube kamar kitse. Wanda yake jiran launi ya gaya masa lokacin janye wuta ya daɗe da wuce wurin.

To me ya sa suke zuwa mana a lalace? Motocin da muke kira hom yus da yawa daga Amurka da Kanada suke, inda ake watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara. Gishirin nan yana samun ɗan ƙwarzane ya shige ƙarƙashin fenti. Suna isowa Ankara, tamu ta bakin teku nake nufi, ba ta Turkawan da suka gina mana masallacin Kanda ba, sai su tarar da iska mai gishiri da laima. Wannan farin zane da kuke gani yana tafiya ƙarƙashin kiliya, wato fenti marar launi na sama, kamar sawun tsutsa, musamman a rim mai fuskar da aka fere da injin, shi ne tsatsar alminiyan. Ba ta ja, fara ce, kuma a ɓoye take cin gaba. Ƙara da ƙurar birki, wadda burbushin ƙarfe ne mai zafi da ke nutsewa cikin fenti. Ƙara da namu na gida: gefen gota da direba ke gurza idan zai yi fakin a lungu, da ramukan da damina ke bar mana. Rim ɗin baƙin ƙarfe na motar haya ta trotro idan ya faɗa rami yakan lotse, mai faci ya buga shi da guduma ya miƙe. Na zubi bai iya wannan haƙuri ba. Yakan tsage.

Kafin a ga ciwon sai an tuɓe shi, kuma a wurin tuɓewa ne muke yin ɓarna uku. Akwai masu jiƙa rim a ruwan sodar sabulu. Soda tana cire fenti, gaskiya ne, amma alminiyan abincinta ne. Wannan kumfar da kuke gani tana tasowa ƙarfen ne yake narkewa, iskar da ke fita kuma haidirojin ce, mai kama wuta. Akwai masu babbaka tsohon fenti da wutar gas kamar ana babbakar kan rago, kuma kun riga kun ji abin da wuta take yi masa. Na uku su ne masu feshin yashi, waɗanda ke ɗebo yashin gini su zuba a tukunyar kwamfuresa. A nan ba rim nake ji wa tsoro ba, ko da yake yashi mai kaushi yana rarake fuskarsa. Yaron da ke riƙe da tiyo nake ji. Ƙurar yashi idan ta shiga huhu ba ta fita, tana mayar da shi kamar busasshiyar fata, kuma likita ba shi da maganin da zai dawo da shi. Ingila ta hana feshi da yashi tun wajen 1950. A Turkiyya samari ne masu fesa wa wandon jins yashi don ya yi fari-fari suka riƙa mutuwa da ƙuruciyarsu, har gwamnati ta hana aikin a 2009. Wando kenan. Mu kuma a kan rim ɗin Salla za mu ba da huhun ɗan wani? Akwai garin gilas, akwai garin roba, akwai wasu da aka yi don wannan aiki, a yi shi cikin rufaffen akwati mai taga. Wanda bai da hali ya yi haƙuri da samfefa da ruwa. Maganin tuɓe fenti na gwangwani ma a yi hattara da shi, domin da yawansa yana ɗauke da metilin kulorayid, wanda Amurka ta hana sayar wa jama'a don wannan aiki a 2019 bayan ya kashe mutane a rufaffun ɗakuna. A waje za a yi amfani da shi, inda iska ke kaɗawa, da safar hannu.

Yanzu rim ya tuɓe, yana tsirara a gabanka. Mastoci, a nan nake so mu daɗe.

Tun daga ranar da ya bar masana'anta babu wanda ya ga wannan ƙarfe haka sai kai, kuma idan ka rufe shi babu wanda zai sake ganinsa har ya mutu. Mai mota ba zai gani ba. Mai faci ba zai gani ba. Jami'in DVLA da ke duba lafiyar mota fentinka zai gani. Kai ne ido na ƙarshe. Ni na koyi wannan ne da kunya. Shekarun baya, ina ganin kaina na gama sanin aiki, wani direban tasi ya kawo mini rim huɗu. A gindin ɗaya daga cikin yatsun guda na ga wani siririn layi kamar gashi. Zuciyata ta ce tsaga ce, aljihuna ya ce ƙwarzane ne. Na bi aljihu. Na shafa fila, na goge, na fesa, ya fito kamar sabo, ya biya ni har da na goro. Ba a yi wata biyu ba ƙafar ta buɗe masa a hanyar Nsawam da fasinja a ciki. Allah ya kiyaye, ba gudu yake ba, babu wanda ya ji ciwo. Ya ɗauko rim ɗin ya kawo ƙofar shagona, ya ajiye, ya nuna mini filata da ke manne a bakin tsagar, ya tafi. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Malamanmu suna nan zaune, sun fi ni sanin hukuncin wanda ya ga aibi a haja ya rufe. A kasuwa sunansa algus. Abin da ban gane ba a lokacin shi ne mai fenti ya fi kowa sauƙin faɗawa cikinsa, tunda sana'arsa gaba ɗaya rufewa ce.

Yadda ake dubawa ba shi da tsada. Kamfanoni suna da gwangwanaye uku: jan ruwa mai shiga tsaga, na gogewa, da farin da ke jawo jan ya fito fili. Wanda ya samu ya saya. Wanda bai samu ba, ga dabarar da ma'aikatan jirgin ƙasa suke duba ƙafafun jirgi da ita fiye da shekara ɗari da suka wuce, ita ce kuka ga na yi ɗazu. Kananzir siriri ne, yana shiga inda ido bai kai ba. Idan ka goge fuskar ka shafa alli, wanda ya ɓuya a cikin tsaga sai ya tsotso waje ya zana maka layi. Ka ɗan ƙwanƙwasa da gudumar katako don ka taimaka masa. Wuraren dubawa su ne gindin yatsu ta baya, kewayen ramukan noti, da leɓen ciki, wanda shi ne ke fara cin dukan rami. Sannan ka ɗora shi a injin balans ka juya, ka ga ko yana rawa.

Idan ka ga tsaga fa? Na san abin da ake yi, a kai wa mai walda. Zan faɗi ra'ayina ko da wasu za su ji haushi. Tsaga a yatsa, ko a cibiya, ko kusa da ramin noti, wannan rim ya gama aiki. Walda tana narkar da wurin, kuma duk kewayen da zafinta ya taɓa ya rasa horon da aka yi masa. Ɗinkin zai iya yin kyau, gefensa ne zai saki. A Jamus ƙa'idar gyaran rim ba ta yarda da walda ko miƙe lanƙwasa ba ko kaɗan, gyaran fuska kawai ta yarda da shi, shi ma idan raunin bai wuce zurfin milimita ɗaya ba. Na san Nima ba Jamus ba ce, na san kuɗin rim a Abossey Okai, na san akwai gwanayen walda a Kokompe da Suame Magazine ta Kumasi da za su ɗinke maka leɓen ciki ya riƙe iska shekaru. Amma ko wannan, mai mota ya sani, da bakinka, kafin ka rufe. Kada ya ji daga bakin titi.

To, rim ya ci jarrabawa. Yanzu mu zo ga hoda.

Hoda fenti ce busasshiya, garin roba da launi, babu tina a cikinta. Wani Bajamushe mai suna Erwin Gemmer ne ya fito da hanyar farko a shekarun 1950, inda ake tsoma ƙarfe mai zafi a cikin garin. A shekarun 1960 aka samo ta fesawa da lantarki, wadda ake yi yau. Kun san yadda rigar roba ke manne wa jiki tana ƙara a lokacin hunturu? Wannan ƙarfin ne. Bindigar tana ɗora wa garin caji, har zuwa bolt 100,000 amma marar nauyi, rim kuma an haɗa shi da wayar ƙasa, sai garin ya bi shi ya manne har bayan yatsu. A wannan lokaci ko hura shi ka yi zai tashi. Sai an kai shi tanderu, digiri 180 zuwa 200, minti 10 zuwa 20, garin ya narke ya haɗe ya zama fata guda. Kaurinta bai fi na gashin kai ba sosai, amma ta fi fentin ruwa jure tsakuwa da ƙurar birki. Wannan gaskiya ne, ban musa ba.

Ku dai lura da lambobin. An hora rim a digiri 155, za a gasa hoda a 180 zuwa 200. Masana'antu da kansu suna shafa wa sabon rim hoda, amma sun lissafa wannan zafin a cikin horon tun farko, kuma tanderunsu ba ya ƙarya. Gashi ɗaya na minti ashirin a tanderu mai gaskiya, yawancin masu aikin a duniya sun tafi a kan cewa rim mai lafiya yana ɗauka. Jamusawa ko wannan ba su yarda ba, ƙa'idar tasu ta tsaya a digiri 90 na minti 40. Ni abin da ke hana ni barci shi ne tanderun da aka ƙera da tsohon firji ko kwantena, aka sa masa kan gas a ƙasa, babu fanka mai juya iska, babu ma'aunin zafi sai tafin hannun masta. A irin wannan, ƙasa tana iya wuce 250 sama ba ta kai 170 ba. Sai a gasa firaima, a gasa launi, a gasa kiliya, wani wuri bai yi kyau ba a tuɓe a sake. Sau nawa kenan? Ku tambayi mai tsire a bakin kasuwar Nima: zafin garwashi daban, zafin cikin nama daban. Mintocin da aka rubuta a kwalin hoda daga lokacin da ƙarfen kansa ya kai zafin ake ƙirga su, kuma cibiya mai kauri tana makara a bayan leɓe. Ƙaramin ma'aunin nan mai kama da bindiga bai kai kuɗin buhun hoda ba. Wanda ba shi da shi bai shirya buɗe tanderu ba. Kuma wanda ya ga dumsor, yawan ɗaukewar wuta na 2015, ya san abin da ake nufi da wuta ta ɗauke rim yana tsakiyar gashi. Kafin ka karɓi aikin mutane ka san me za ka yi ranar.

Akwai kuma ƙuraje. Zubi yana da ƙananan ramuka a jikinsa, cike da iska da tsohon mai. Idan ya ji zafi sai su huro ta cikin hodar da ke narkewa, a fito da rim kamar mai ƙyanda. Maganinsa a ɗumama shi tsirara tukuna ya fitar da abin da ke cikinsa, a sake wanke shi, sannan a fesa. Wannan ma zafi ne, a sa shi a lissafi. Taya da bawul da darmar balans da na'urar auna iska da ke cikin sababbin motoci, duk a cire su. Na faɗa ne don na taɓa ganin wanda bai cire ba.

Abu guda ya haɗa hoda da fenti, kuma shi ne ya fi kashewa da sauri. Bayan rim, inda yake kwanciya a jikin ƙafar mota, da mazaunin noti a cikin ramuka, ba a shafa musu komai. Ƙarfe ne ya kamata ya haɗu da ƙarfe. Idan ka bar fata mai kauri a wurin, ka ɗaure noti tam a shago, mota ta hau hanya birki ya yi zafi, fatar ta yi laushi ta matse, noti ya samu wuri ya fara kwancewa. A rufe wuraren nan kafin feshi, da tef mai jure zafi idan hoda ce. A ɗaure da sifana mai awo, kuma a gaya wa mai mota ya dawo bayan kilomita 50 zuwa 100 a sake ɗaurewa.

Fentin ruwa kuwa kun fi ni saninsa, ba zan koya wa kifi iyo ba. Abu biyu zan taɓa. Na farko, alminiyan yana yin wata siririyar fata da kansa da zarar ya ga iska, kuma fenti ba ya kama wannan fata da kyau. Shi ya sa za ka ga aikin da ya yi kyau ranar Salla yana ɓarewa kamar ɓawon albasa kafin Babbar Salla. Ana gama gogewa, a wanke maiƙo, a sa firaima mai cizon ƙarfe ko ta ifoksi a ranar, kada a bar shi ya kwana a iskar Ankara. Kuma a zubar da ruwan da ke taruwa a tankin kwamfuresa kowace safiya, domin a laimarmu rabin ƙurajen da ake ɗora wa fenti laifi daga tiyo suke fitowa. Na biyu shi ne hadina, ruwan da ke sa fenti ya yi tauri. Kiliyar da ake haɗawa da hadina ita ce mai ƙarko, ita ce kuma mai ɗauke da aisosayanet, wanda ke jawo ciwon asma irin wanda idan ya kama mutum ko ƙamshin fenti ya ji daga nesa sai ƙirji ya toshe. A Ingila masu feshin mota suna cikin ma'aikatan da suka fi kamuwa da shi. Hankici a hanci ba ya tare shi, takunkumin zamanin korona ba ya tare shi, madarar gwangwani da muke ba yara bayan feshi kuma ciki take tafiya, ba ta san hanyar huhu ba. Takunkumi mai kawo iska daga waje shi ne na gaskiya. Mafi ƙaranci shi ne mai gwangwanin gawayi, a riƙa canzawa a kan kari. Masta da ya saya wa kansa ya bar yaro da tsumma, iyayen yaron nan amana suka ba shi ranar da suka kawo shi da goro.

Ragowar tina da ruwan wanki kuma kada a juye a gota. Babbar gotar da ta ratsa tsakanin Nima da Maamobi kogin Odaw take zuwa, kuma duk wanda yake garin nan ranar 3 ga Yunin 2015 ya san abin da mai ke yi idan ya hau kan ruwan ambaliya. Fiye da mutum 150 muka rasa a gobara da ambaliyar Circle a dare ɗaya. A tara ragowar tinar a jarka, ya kwanta, na sama ya sake wanke bindiga.

Ga amsar da aka gayyace ni in bayar. Idan rim lafiyayye ne, za a tuɓe shi gaba ɗaya, kuma akwai tanderu mai ma'auni da fanka a hannun wanda ya san lissafinsa, hoda ta fi ƙarko, musamman ga motar da ke cin hanya kullum. Idan gurzar gota ce a gefe ɗaya, ko ana son launi ya dace da sauran ukun, ko rim ɗin ya taɓa shan wuta a baya, ko ba ka san tanderun da za a kai shi ba, fentin ruwa da aka yi wa shimfiɗa mai kyau ya fi, kuma ko an gasa shi ba ya wuce digiri 60 zuwa 80. Yana da wani alheri kuma: idan ya ƙwarzane gobe ana iya taɓa wurin kaɗai, hoda kuwa gyaranta na gaskiya sai an koma farko. Ni a shagona, da in kai rim tanderun da ban yarda da shi ba, gara in fesa.

Matasan da ke son shiga harkar hoda, ban hana ku ba, akwai abinci a ciki, kuma ba rim kaɗai ba: ƙofofi, tagogi, kujerun makaranta, duk suna jira. Amma kada mutum ɗaya ya ƙera rabin tanderu. Ku haɗu ku biyar ku yi guda mai kyau, ku shiga ƙungiyar masu gareji, ku tura ɗaya daga cikinku makarantar koyon sana'a ta ATTC da ke Kokomlemle, nan kusa da mu, ya koyo karatun takardar da ke zuwa da kowace hoda.

Saura rim ɗin da ya faɗi jarrabawa. Kada a jefar, kuɗi ne. Masu zuba tukwane suna nemansa ido rufe, domin narkar da tsohon alminiyan kashi 5 cikin ɗari kawai yake ci na wutar da ake kashewa a kan sabo, kuma irin wannan haɗi mai silikon yana bin zubi da kyau. Sai dai kafin ya bar hannunka ka sa guduma ka karya masa yatsa ɗaya. Idan ka sayar da shi cikakke, wallahi ba tukunya zai zama ba. Wani zai tare shi a hanya, ya shafa masa fila da silba, mako mai zuwa ka gan shi a jere a bakin titi.

Wannan da ke jikin tebur an kawo mini shi ne ranar Litinin, a yi masa baƙi. Na duba shi da ido a rana tsaka ban ga komai ba, yarona ne ya ce ƙararsa ba ta yi masa daidai ba da ya ƙwanƙwasa. Yanzu allin ya bushe. Shugaban taro, da izininka, yara su fara tasowa layi-layi, mastoci su biyo baya. Ku juya shi ta baya, ku duba gindin yatsa na uku daga bawul. Wanda ke kusa da taga ya ɗan buɗe labule.